Dalma Mai Laushi

Plumstead, Landan
9 ga Satumba, 2023

Zuwa ga Yaya Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da su Rakiya, kuma ƙafar nan ta daina kumburi. Mu nan ƙalau. Karimatu na gaishe ki. Basma ta shekara ɗaya da wata biyar, ta iya cewa "Baba" da "no", kuma na biyun ta fi ƙwarewa a kai.

Tun kina hedimasta kika kafa mana doka cewa maganar kirki a takarda ake yin ta, a ɗauki hoto a turo. Wannan ko babu dokarki ba zan iya faɗarta da baki ba.

Yaya, bindiga gare ni. Shekara biyu ke nan. Kada hankalinki ya tashi, da lasisi nake riƙe da ita. 'Yan sanda sun zo sun duba akwatin ƙarfen da nake kulle ta, har Karimatu suka tambaya ko ina da zafin zuciya. Duk Asabar idan ba ni da aiki a wurin gyaran jiragen ƙasa, sai in tafi wani kulob a bayan gari mu harbi takarda. Takarda fa, Yaya. Ko kurciya ban taɓa kayarwa ba.

Ki yi dariyarki, na cancanta. Ni ne dai Majen da ya gaya wa 'yan ajinsu cewa ubansa ma'aikacin gandun daji ne, don kada a ce ɗan maharbi. Ni ne Baba ya kira in riƙe masa kaskon narka dalma, na ce hayaƙi zai ɓata min yunifom. Yau ga ni da furfura a gemu ina biyan kuɗi Turawa su koya min abin da aka yi ta roƙona in koya a tsakar gidanmu. Kunyar wannan ce ta sa na ɓoye miki.

Bindigar gajeriya ce, irin ta finafinan kaboyi, mai hannu a ƙasa. Ka ja hannun ka mayar, ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi. Mu muke haɗa harsashinmu, mu tsince kwanson da muka harba, mu zuba albarushi, mu ɗora kan dalma. A ɗan ɗakin katako na bayan gida nake yi, shed ake ce masa. Kan dalmar saye nake yi, kuma dole mai faɗin baki, don a jere suke kwanciya a cikin bindigar, bakin wannan a gindin wancan, mai tsini yana iya tada na gabansa.

Ga matsalata. Duk wanda na saya, bayan harbi talatin sai in tarar dalma ta manne a cikin bututun bindigar kamar ƙanzon tukunya, saiti ya lalace. Mista Godwin, wani dattijo a kulob ɗin, ya ce in nemi mai tauri. Na nema, abin ya ƙaru. Yanzu iri uku ne a gabana: mai tauri, da mai laushi da aka cusa wa kaki a tsagarsa, da wani da aka lulluɓe da jan fenti yadda hannu ba ya taɓa dalmar.

Ke kika zauna a gefen Baba shekara goma kina hura masa wuta. Ta yaya yake gane dalmar kirki? Ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Ƙanenki,
Maje


Birnin Kudu
17 ga Satumba, 2023

Ƙanena Maje,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Malam na gaishe ka. 'Yata Rakiya na da ciki wata biyar. Ita dai karatu bai karɓe ta ba duk dukan da ta sha a hannuna, amma aure ya karɓe ta, alhamdulillahi.

Sau biyu na karanta takardarka. Na farko na yi salati, na biyu na yi dariya har Malam ya leƙo. Ɗan ma'aikacin gandun daji ya dawo gida ta Landan. To sannu da zuwa.

Tun da ka tono maganar, bari in ƙarasa maka. Baba ya san abin da ka faɗa a makaranta. A satin aka kawo masa labarin. Daga ranar ya daina zuwa ziyararka da warki, yakan ari babbar riga wurin liman. Ban faɗa don in ɓata maka rai ba, na faɗa ne don kai ka fara.

Batun dalma kuwa, abokin naka Bature bai san ta ba. Baba da farce yake gwada ta. Idan farce ya yi mata zane mai ƙyalli, mai laushi ce. Ko ya sake ta a kan dutsen niƙa. Mai laushi takan ce "dum" ta kwanta, mai gauraye takan yi ƙara ta yi tsalle. Amma mannewar da kake kuka da ita ba ta tauri ba ce. Ƙwallonka ne ya yi wa bututun kaɗan. Baba yakan ce idan akwai rata, wuta takan bi ta gefe ta lashe ƙwallon, sai ya bar jikinsa a bango. Shi ya sa yake naɗe ƙwallon bindigarsa adaka da tsumma kafin ya ɗura. Ka nemi mai ƙiba kaɗan, ka bar batun tauri.

Sai ka saurara da kyau. Baba bai taɓa narka dalma kusa da murhu ba. Rigar aikinsa a rumbu take kwana. Ba ya cin abinci, ba ya ɗaukar yaro, sai ya wanke hannu da toka sau uku. Ranar da na taɓa ka da hannun aiki kana goye, marin da na sha har yau ina jin sa. Kana da ƙaramar yarinya, ka kiyaye.

Na ga hoton Basma, tubarkalla, goshin Inna sak. Amma me ya sa ido fayau babu kwalli? Ina tandun Inna da na aiko ranar suna? Da hannuna na niƙa dutsen nan na cika shi. Da tandun aka buɗe idona, da shi aka buɗe naka, da shi na yi wa 'ya'yana bakwai. Ka gaya wa Karimatu ban aiko shi don ado a kan kabad ba. Ina son hoto na gaba in ga 'yar gidanmu.

Yayarka,
Talatu


Plumstead
15 ga Oktoba, 2023

Yaya Talatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Mu ma lafiya, sai dai sanyi ya fara shigowa, kuma Basma ta ɗan rage cin abinci, ina jin haƙori ne.

Maganar babbar rigar liman ta zauna min a ƙirji kwana da kwanaki. Allah ya gafarta wa Baba, ni ma ya yafe min.

Kin yi gaskiya a kan bututun. Na fassara wa Mista Godwin takardarki, ya ɗauko abin awo. Ashe bututun bindigata ya fi yadda aka rubuta faɗi da kamar kaurin gashi. Muka gwada mai ƙiba, na harba sittin, ciki tas kamar an wanke. Ya tambaye ni a wane kulob kike harbi. Na ce masa ke 'yar maharbi ce, ni ma haka. Karo na farko ke nan da na faɗi wannan da bakina a gaban baƙo.

Na yi order na mai laushin nan mai kaki, guda dubu. Godwin ya ce akwai mai jan fenti daidai wannan ƙibar, kuma mai jariri a gida shi ya fi dacewa ya ɗauka. Na ƙi. Gaskiyar magana, idan na harba mai kakin, hayaƙinsa ƙamshin tsakar gidanmu yake yi ranar da Baba ke zubi. Mai fentin warin roba yake yi. Ina kiyaye dokar toka, sai dai da sabulu.

Karimatu ta ji kunyar saƙonki sosai. Da ma ta fara sa wa Basma kwallin bayan suna, wata nas ta ɓata fuska, sai ta bari. Yanzu kullum da safe sai ta rambaɗa mata. Ga hoto nan, kin ga 'yar gidanku.

Ƙanenki,
Maje


Plumstead
3 ga Disamba, 2023

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ba lafiya ba.

Ba haƙori ba ne. Basma ta rame, ta yi fari, kuka ba dalili, bayan gida sai da wahala. Kalmomin da ta fara ma sun tsaya. Muka yi booking wurin likita aka ɗebi jini. Ran Alhamis suka kira mu. Dalma ce a jininta, Yaya. Sun ce awon yaro bai kamata ya kai biyar ba, nata ashirin da bakwai. Likitar ta ce dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, kuma abin da ta taɓa ba lallai ya dawo ba.

Sai ta tambaya ko akwai mai aiki da dalma a gidan. Karimatu ta juyo ta dube ni. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Akwai abin da ko Karimatu ba ta sani ba sai a ɗakin likitar. Na rubuta miki cewa ina kiyayewa. Ƙarya na yi. Da sanyi ya tsananta, shed ɗin ba ya zaunuwa, yatsu sai su ƙage. Sau uku, ranakun da Karimatu ta tafi kasuwar Woolwich da rana, na shigo da kayan na baje a teburin kicin, inda muke cin abinci. Na shimfiɗa jarida, na ce ai ya isa. Rannan Basma ta farka tana kuka, na ɗauke ta ban wanke hannu ba. Da zan sauke ta na ga kan dalma ɗaya a tafin hannunta, jiƙe da yawu. Na ƙwace, na goge mata baki, na yi shiru da maganar.

Karimatu ta kwashe kayanta da na yarinyar ta koma gidan wanta a Woolwich. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ba za ta kwana da 'yarta a gidan nan ba sai an tabbatar mata babu guba. Ban hana ta ba, da wane bakin. Bindigar na kai ajiya kulob. Mutanen council, wato ƙaramar hukumarmu, za su zo su gwada gidan.

An nuna min mai fenti, an gaya min dalili, na zaɓi ƙamshi. Ki yi mata addu'a. Ni ban san ko na cancanci ki yi min ba.

Maje


Birnin Kudu
5 ga Disamba, 2023

Maje,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ba ita ce magana ba yau.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Teburin cin abinci, Maje. Na rubuta maka da manyan baƙi, na ba ka labarin marin da na sha a kanka, ka karanta ka ce ka ji.

Mutumin da ka ji kunyar kira ubanka ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma shekara hamsin yana zubin dalma, ko ɗa ɗaya bai cutar ba. Kai da digiri biyu shekara biyu kacal ka yi da ita ka zuba wa 'yarka a jini. Ba Baba kake nema a hayaƙin nan ba. Kanka kake lallashi, kuma yarinyar da ko magana ba ta iya ba ita ta biya.

Karimatu ta yi daidai. Da ni ce, ko bakin ƙofa ba za ka ga yarinyar ba. Ka gaya mata ta ci gaba da kula da ita yadda muka saba, kada ta fasa komai na gida don ruɗin asibiti.

Na sa an yi saukar Alƙur'ani. Don Basma na sa, ba don kai ba. Kada ka sake rubuto min sai da labarin sauƙi.

Talatu


Birnin Kudu
4 ga Fabrairu, 2024

Ƙanena Maje,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma da gaske nake tambaya, ba gaisuwar baki ba.

Wata biyu ke nan ba takarda. Na kira ka sau huɗu, ka ce kana wurin aiki za ka kira. Na kira Karimatu, ta gaishe ni da ladabi ta ce da sauƙi, ta yi sauri ta ajiye. Ni ba yarinya ba ce. Ko dai fushi kake da ni, ko wani abu ya sami Basma kuna ɓoye min.

Idan fushi ne, na san bakina. Da na ce kada ka rubuto sai da labarin sauƙi, zafin rai ne, ban ce ka yanke ni ba. Abin da na faɗa gaskiya ne, amma da na rage masa gishiri. Idan kuma ɗayan ne, don girman Allah ka faɗa min, zan iya ɗauka.

Rakiya ta sauka lafiya, mace, an sa mata Zarah. Jiya aka yi suna. Ga hoton nan, dubi idanun. Ragowar dutsen da na niƙa wa Basma na niƙa mata, ni na sa mata da hannuna tun ranar da aka haife ta.

Yayarka,
Talatu


Plumstead
5 ga Fabrairu, 2024

Yaya Talatu,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya Zarah. Basma tana nan da ranta, ta fara cin abinci, sun dawo gida ita da uwarta tun farkon Janairu. Ba fushi nake ba. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma idan da hali ki karanta ke kaɗai.

Kafin komai, don Allah a wanke idon jaririyar nan yau, kada a ƙara sa mata. Ga dalili.

Matar council, Janet sunanta, ta zo da wata na'ura ta bi gidan lungu-lungu. Ta sami dalma a shed, ta sami ɗan kaɗan a tsagar teburin kicin. Ta yi min faɗa, na sunkuyar da kai. Amma ta ce abin da ta gani bai kai ya yi wannan ɓarnar ba. Ni da nake taɓa dalmar kullum, awon jinina huɗu ne.

Bayan sati uku a Woolwich aka sake ɗibar jinin Basma. Sati uku ba ta shiga gidan nan ba, ban ɗauke ta ba sai na yi wanka na canza kaya. Muna jiran a ce ya sauka, sai aka ce ya hau talatin da ɗaya. Janet ta je gidan wan Karimatu ta ce a fito mata da duk abin da aka taho da shi daga gida. Tana cikin dubawa ta kalli fuskar Basma, ta tambaya mene ne wannan a idonta. Karimatu ta ɗauko tandun Inna. Aka kai ɗakin gwaji. Fiye da rabin abin da ke ciki dalma ce. Dutsen kwallin kansa dutsen dalma ne, Yaya. Yarinya ta murza ido, ta kai hannu baki, kullum, wata uku.

Ranar aka daina. Satin jiya awon ya sauko ashirin da biyu. Sun ce a hankali yake fita, zai ɗauki watanni, kuma sai ta fara makaranta za a san iyakar abin da ya taɓa.

Zan faɗa miki abin da na fi jin kunya. Da Janet ta kira ta gaya min, abin da ya fara zuwa zuciyata daɗi ne. Daɗi, Yaya, cewa ba ni ba ne. 'Yata na kwance da guba a jini, ni ina murnar wanke kaina. Kuma ba wankuwa na yi ba, na baje dalma a teburin abincinta, Allah ne kawai ya tsare.

Ni da Karimatu muka yi shawara ba za mu gaya miki ba har abada. Ita ta kawo shawarar. Ta ce ke kika riƙe ni bayan rasuwar Inna, tandun kuma shi ne kaɗai abin Inna da ya rage, kika hana 'ya'yanki kika ba mu. Ta ce gara ki ci gaba da ganin laifina, na saba. Na yarda. Shi ya sa nake gudun wayarki, don kin san ban iya yi miki ƙarya da murya ba. Ban yi tunanin sauran dutsen ba, ban yi tunanin cikin Rakiya ba, alhali kin rubuta min tun Satumba. Sai jiya da na buɗe hoton. Da na yi magana a Disamba, da ko sau ɗaya ba a sa wa Zarah ba. Wannan ma nawa ne.

Ba ki sani ba, Inna ma ba ta sani ba. Babu mai riƙe ki da komai a gidan nan.

Ƙanenki,
Maje


Birnin Kudu
14 ga Fabrairu, 2024

Ƙanena Maje,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Karimatu, ina gaida Basma. Jikinmu lafiya.

Ka ga na yi kwana tara ban amsa ba. Ba zan ɓoye maka ba, da na gama karantawa cewa na yi ƙarya ne. Na ce Turawa sun ga baƙin abu a idon yarinya sun laƙa masa laifi, kai kuma ka samu mafaka. Duk da haka na tafi gidan Rakiya a ranar da ruwan ɗumi da auduga, na wanke idon Zarah, na ce mata likita ne ya hana na kwana biyu. Na dawo ina huci, na ce sai na ƙaryata matar nan taku.

Kaskon Baba yana wurina, ka sani. Na fito da shi daga rumbu, na kai bayan gida nesa da murhu, na kori kowa. Na fasa ragowar dutsen, na ɗora a kan gawayi, na rufe da wani gawayin, na yi ta hurawa yadda nake yi masa ina 'yar shekara tara. Ya yi wari kamar ashana. Na ce idan toka ta huce zan ɗauki hotonta in turo maka ka kai wa Janet.

Da ta huce na tona da tsinke. Ƙwallo uku na samu, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Na sa farce a kan babban, ya yi zane mai ƙyalli. Na sake shi a kan dutsen niƙa. Ya ce "dum" ya kwanta.

Maje, na daɗe a tsugune a wurin. Babu macen da ta san dalma a garin nan kamar ni. Na san nauyinta a tafin hannu ido rufe. Shekara arba'in ina ɗaga dutsen kwalli ina cewa mai nauyin shi ne mai kyau, da haka nake zaɓensa a kasuwa, ban taɓa tambayar kaina nauyin mene ne ba. Baba yakan wanke hannu da toka sau uku kafin ya ɗauke ka, ya miƙa wa Inna, ita kuma ta kwantar da kai a cinya ta cika maka ido da abin da ya wanke.

Na koma na karanta abin da na rubuta maka a Disamba. Har da cewa Karimatu kada ta fasa komai na gida. Sati ukun da awon ya hau, umarnina take bi. Ni na yi mata gori a kan ido fayau, ta ji kunyata ta ɗauko tandun. Ban san da wace fuska zan gaishe ta ba. Ka karanta mata wannan da kanka, ka ce Talatu na roƙon gafararta, ba a matsayin yayar miji ba.

Na koma gidan Rakiya na faɗi gaskiya a gaban surukarta da matan gidan, na ajiye musu ƙwallayen a faranti. Wasu sun yarda, wasu sun ce tsufa ya fara taɓa ni. An kai Zarah asibiti an ɗebi jini, muna jira. Da zan tafi Rakiya ta rako ni zaure tana ba ni haƙuri, wai kada in damu. Na tsaya ina kallonta. Duk cikin 'ya'yana ita na fi yi wa kwalli, don ita ce mai manyan idanu, kuma ita na fi duka a kan karatu, ina ce mata daƙiƙiya a gaban aji. Na tambayi likita, ya ce yanzu ba mai iya sani. Ban gaya mata abin da nake tunani ba. Ban san ko zan iya ba.

Kada ka sayar da bindigar saboda maganata. Ka ɗauki mai jan fentin, mai ƙiba, ka bar shi a shed. Tandun kuma kada ka dawo min da shi, ka wanke ka rufe bakinsa, ka ajiye inda hannu ba ya kaiwa.

Duk ranar da aka ɗebi jinin Basma ka rubuto min lambar, ko ta hau ko ta sauka, na janye waccan dokar. Idan ta ƙara kalma ko ɗaya ce ka faɗa min. Ka kuma turo min hotonta na yau, yadda take, ido fayau. Ina so in ga idon yarinyar nan, ban taɓa tsayawa na gan shi ba.

Yayarka,
Talatu